Gud ɗin da na rubuta da karan dafi

A Wagini, in an ci tuwon magariba, mukan kewaye murhun Kaka tana gasa mana gyaɗa. Nan Sale, ɗan baffana, ya zo da kalmar da ta hana ni sakat. Malamin firamare ya rubuta masa "gud" da jan biro, ni kuwa littafina fayau.

Kaka ta tambayi ma'anarta. Sale ya baje baki: abu mai kyau ne, ana faɗa wa yaron kirki, da abinci mai daɗi, har gaisuwar safe da ita ake yi. Daga ranar tuwo gud, akuya gud, shi ma Sale Kaka ta sa masa Ango Gud. Ni da nake angonta tun fil'azal! Wallahi na tsane shi.

Sai na jiƙa karan dafi, jan rinin nan na dukawa, na feƙe kara, na rubuta wa kaina gud a littafina. Sale ya gani, ya yi dariya har da faɗuwa, wai malam bai rubutu da alƙalamin allo.

Kaka ta karɓi littafin ta juya shi, ga ta ba ta karatu. Ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Wai zamanin da sarakunan Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, an yi ya da ƙanwa a Ruma. Yar ke shiɓar auduga, ƙanwar na kaɗi. Fatake suka ga zaren suka ce wa ƙanwar madalla. Haushi ya kama yar, ta yar da bakan shiɓa, ta sace mazarin ƙanwar. Zarenta ya fito guda-guda, na ƙanwar ma ya lalace, don babu mai shiɓa. Fatake suka wuce Safana.

Na ce ai ƙanwar ce ta ci yabon wani. Kaka ta dungure min kai. "Kai, tsohon miji, bar wa malam rubutunsa. Wannan jan, wa ya koya maka haɗa shi?"

Yau shekara da shekaru jar fata nake rinawa, da ita na ciyar da gidana. Na gane abin da ta hango. Amma kar in yi ƙarya: jiya jikana ya nuna min gud a littafinsa, na ce madalla, na daɗe ina kallon jan biron nan.