Malamar da Ta Hana Gishiri

Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da insha'i a aji guda, na ƙarshen nan kusa da famfo, mai tagar da ba ta rufuwa. Ɗalibai na kiranta Ba-Gishiri a bayan idonta, ta kuma sani. Sunan ya samo asali daga dokar da take kafa wa kowane sabon aji: duk wanda ya buɗe rubutunsa da "ilimi gishirin zaman duniya", ya ɗauki littafinsa ya koma kujera.

"Ba ƙarya ba ce," takan ce, "amma kakanka ya riga ka faɗa. Kai me ka gani da idonka?"

In ta ga an rubuta "Muhimmancin Tsafta" a saman shafi, sai ta ɗaga littafin da yatsa biyu ta tambaya ko daga bangon asibiti aka ɓanɓaro shi. Wata ɗaliba, 'yar mai wanki, ta sha wannan tambayar, ta koma ta dawo da "Hannun Babana Bayan Wanki". Ɗan bakanike kuwa ya rubuta cewa gyaran halin mutum kamar kwance tsohon noti ne, in ka matsa da ƙarfi ya karye a ciki. Sati guda Malama tana yawo da shafin a jakarta.

Mahaifinta magini ne, don haka a wurinta sakin layi ɗaki ne. Kowane ɗaki da aikinsa, kuma sai da ƙofar da za ta kai ka na gaba. Wanda ya cika shafi biyu bai saki layi ba, takan ce masa ai ya gina gidan da ba a numfashi a cikinsa.

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, wanda ita ta koyar da shi tun yana yaro. Saura wata biyu jarrabawa ya kira ta ofis, ya miƙo mata takardu bugaggu.

"Mama, insha'i uku ne. Kowa ya haddace. Duk abin da aka tambaya, taken kawai za su sauya."

Ta sa tabarau ta karanta. "Wa ya rubuta?"

"Ni."

"Na gane hannun. Har yau sakin layinka na biyu bai san inda na farko ya kwana ba."

"Mama, duk makarantun kusa haka suke yi. Iyaye sakamako suke tambayata."

"To ka nemo aku ka ba shi. Ni mutane aka ba ni."

Ya sunkuyar da kai. "In kin ƙi, dole in ba wani ajin. Ke kuma sai sito."

"Siton yana da kujera?"

"Akwai."

"Shi ke nan, ɗana. Kawo makulli."

Ranar Litinin ta zauna tsakanin karyayyun benci da tarin littattafai, tana jiyo ajinta ta bango, baki arba'in suna rera insha'i ɗaya. Ta jera littafi ɗari a kan kantar siton, ta sauke, ta sake jerawa. Da aka fita tara sai 'yar mai wanki ta leƙo, littafi ɓoye a bayanta. Kafin Alhamis ɗaliban da ke zuwa sun kai goma sha ɗaya, wasu a kan benci, wasu a ƙasa.

Nan shugaban ya same su. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ba a koyarwa a sito."

"Wa ke koyarwa? Aron littafi suka zo. Dokar sito ce, ba a ba mutum littafi sai ya rubuta shafi guda a kan dalilin da yake sonsa, na duba."

"Dokar wa?"

"Ta mai sito. Kai ka naɗa ta. Matsa gefe, ka tare wa yara haske."