'Yar Jif ɗin Baba da Yashin Lambara

Har gobe in na ji warin tayar da ta yi zafi a kan yashi, garinmu Lambara zuciyata take komawa, shekarar da Baba ya sayi 'yar jif ɗinsa.

Ƙarama ce, mai ƙofa biyu, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Kafin zuwanta, motar da duk ta nufo unguwarmu da bazara sai ta nutse a yashin rafi, maza su tuɓe riguna su yi ta turi. Ita kuwa gurnani kawai take yi ta haye. Baba yakan leƙo ta taga yana cewa, "Wagga ba ta kahewa!"

Abin da ba ya faɗa shi ne da me aka saye ta. Fadamar albasar Kaka ce, mahaifiyarsa. Damina guda ya yi yana zarya ɗakinta, wai motar ta gida ce, ta asibiti, ta biki da ta'aziyya. Da ta gaji ta ce a sayar.

Gidanmu taro ne, motar kuwa mutum huɗu take ɗauka. Maza ke shiga. Mu 'yan mata namu ɗebo ruwan wanke ta. Kaka sau ɗaya ta gwada. Motar na da bisa, kuma sai an kwantar da kujerar gaba a ratsa baya. Ta ɗaga ƙafa, ta sauke, ta yi dariya.

"Ku tai abinku. Ba don tsohhi anka yi ta ba."

Da siyasa ta kankama, wani ɗan takara daga Shagari ya gane ita kaɗai ke shiga ƙauyukan cikin yashi. Baba ya zama direbansa, ba albashi, sai alkawari.

Wata safiya Kaka ta faɗi wajen alwala, ɓarin jikinta ya mutu. Baba na wajen taron siyasa a Dandin Mahe. Inna ta aika maƙwabcinmu a babur. Ya dawo shi kaɗai yana kallon ƙasa.

"Ya ce yana nan tahe, da an tashi taro."

Muka jira har rana ta take. Sai Inna ta shimfiɗa tabarma a amalanken shanu, aka ɗora Kaka muka nufi asibiti, ni ina kare mata fuska da zane. Yashi ya yi zafi, shanu na nishi. A tsakiyar rafi muka ji ƙarar inji. Kaka ta buɗe ido.

"Ita ta?"

Ba motar ba ce, injin ban-ruwa ne, a fadamar da ta sayar. Na ce mata, "I, Kaka, ta kusa."

Ba mu kai titin Bodinga da ita da rai ba. Baba ya iso da la'asar, hotunan ɗan takara manne a jikin motar, ya tarar an gama yi mata wanka.

Yau an zuba jan ƙasa a hanyar, keke-napep na zuwa har ƙofar gida. Baba ya tsufa, idanunsa sun yi hazo. Ina aure a Bodinga, kuma duk lokacin da aka bugo cewa jikinsa ya motsa, ko tukunya ce a wuta sai in sauke in kama hanya. Mutane na yabona, wai ɗiya mai tausayin uba. Shi ma yakan riƙe hannuna ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Ina cewa amin. Amma ni na san ba tausayinsa ke tayar da ni ba. Na taɓa ganin tsohuwa tana jira, ba na iya sake gani.