Gogo Fatu da Saniyar Dudu

Gogo Fatu ta kai shekara hamsin da shida ba ta san harafi ko ɗaya na boko ba. A rugar Birchi aka haife ta, a bayan shanu ta tashi, ta yi shekara talatin tana ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Kurfi. Da mijinta Malam Mahmuda ya rasu, 'ya'yanta suka dawo da ita cikin garin Kurfi. Zaman ya ishe ta, sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Kafin shekara biyu ta fara karanta allunan shaguna da ƙarfi, ko da ba wanda ya tambaye ta.

'Yarta Halimatussa'adiya, wadda ke koyarwa a Dutsin-Ma, ita ta kawo mata wani ƙaton littafin almara. Labarin wata ƙasa ce da sarkin aljanu ya kulle kogunanta bakwai a cikin tulu. Wani jarumi, Barde Kainuwa, ya ja runduna don ya ƙwato su, wata makiyayiya mai suna Dudu tana nuna musu hanya, domin shanunta na jin ƙanshin ruwa daga nesa. Wata huɗu Gogo ta yi tana bin layi da ɗan yatsa har ta kai ƙarshe. Tun daga nan take kiran Dudu "yarinyata".

Da littafi na biyu ya fito, da kanta ta hau mota ta je Dutsin-Ma ta karɓo. Amma ba ta yi nisa ba ranta ya fara ɓaci. Barde ya zama sarki, ya sa masu gadi a bakin kogunan da aka sha wuya aka ƙwato.

"Ka ga mutumin banza," in ji ta, tana magana da littafin. "Da bakinka ya tsage don ƙishi, wa ya ba ka nono?"

Wanda ya ba ta mamaki shi ne Zakka maginin rijiya, wanda ya ci amanar runduna a littafin farko. A da ta tsane shi. Yanzu ga shi yana bin ƙauyuka yana haƙa wa mutane rijiya ba tare da ya faɗi sunansa ba. Gogo ta ce wannan kam ya san kunya, ta yafe masa.

Sai ta zo wurin da Dudu ke gudu daga sojojin Barde. Saniyarta ta karye a hawan dutse, Dudu ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba. Gogo ta rufe littafin. Kwana uku ba ta taɓa shi ba.

"Inna, labari ne fa," Halimatussa'adiya ta ce mata a waya.

"Na sani. Amma wannan ba Dudu ba ce. Mai littafin ne ya yi mata ƙarya."

Ana nan sai malamai suka gayyato marubucin, Malam Sirajuddeen, ya zo wata makaranta a Dutsin-Ma. Gogo ta sa mayafinta na Sallah, ta zauna a layin gaba. Masu digiri suka yi ta tambayoyi da manyan kalmomi. Daga ƙarshe ta ɗaga hannu, 'yarta na jan gefen mayafinta.

"Malam, ka taɓa kiwo?"

"A'a, Hajiya."

"Na ga alama. Barde dai ka yi daidai, mun ga irinsa. Zakka ma Allah ya yi maka albarka. Amma macen da ta raini saniya tun tana maraƙa ba ta wuce ta haka. Ko takobi na bayanta, sai ta durƙusa ta kama kunnenta ta kira sunanta. Kai ko suna ba ka ba saniyar ba."

Malam Sirajuddeen ya cire tabarau ya ce, "Yaya ake kiran, Hajiya?"

Gogo ta miƙe ta ɗora hannu a kunne, ta saki kiran da take yi wa garken mahaifinta, dogo mai karyewa a ƙarshe. Muryar ta cika ɗakin. Wani dattijon malami a baya ya sunkuyar da kai yana share ido. Aka ɗauki tafi, Halimatussa'adiya ta fi kowa.

Bayan mako biyu marubucin ya zo Kurfi da littafin rubutu. Ya zauna a tabarma daga hantsi har la'asar, Gogo na gaya masa yadda saniya ke yi in ta ji hadari, da yadda ake lallashin wadda ɗanta ya mutu. Da zai tafi ya ce, "Hajiya, wannan ai ke ya kamata ki rubuta."

Ta yi dariya ta ce hannunta bai saba ba. Washegari ta aika aka sayo mata littafi da biro. Ta fara da sunayen shanun da ta taɓa kiwo, kowace da launinta da halinta. Rubutun manya-manya ne, yana hawa yana sauka. Zuwa damina ta kai saniya ta arba'in da ɗaya, wata ja mai taurin kai da ta taɓa tsallake rafi Gogo na rataye a wuyanta, ita kaɗai ta ci shafi uku.