Kwafin da Na Yi Shekara Ina Ajiyewa

Duk tsawon da rayuwata za ta yi, ba na jin wata ranar Alhamis ta damina za ta fita daga raina. A lokacin ina aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a Samaru, ni ce mai kula da na'urori. Duk kwamfutocin zauren ta cikin wani ɗan akwatin ƙarfe suke bi su isa intanet, wanda muke kira rawuta. A cikinsa aka tsara komai: layin kamfanin da ke ba mu intanet, adireshin kowace kwamfuta, da hanyar da tambayoyi ke shigowa. Wannan tsarin shi ne saiti.

Wani dattijo ne ya kafa shi kafin zuwana, Bahaushe Kirista mai shagon gyara a Sabon Gari, kowa Baba yake ce masa. Da aka ɗauke ni aiki, ina ɗauke da sabuwar difloma da girman kai, na ce wa Hajiya mai cibiyar, "Wannan tsohon ko kwafin saiti bai bari ba. Aikin da can ne." Daga nan ta daina kiransa. Ni kuwa kowane wata sai in zauna a ofishinta da laftof, in sauke kwafin saitin in zuba a filash. Har yabon kaina nake yi.

Ranar nan, ana gobe jarrabawa, na ga an fitar da sabuwar manhajar cikin rawuta, wadda idan babu ita akwatin ba ya tashi. Yanzu na san ba a taɓa irin wannan ana gobe aiki, amma a lokacin gani nake ƙwazo ne. Na shiga ɗakin na'urori da hantsi, na jona waya kai tsaye, na fara ɗorawa. Ta kai rabi aka ɗauke wuta. Inbata, na'urar da ke riƙe mana wuta in an ɗauke, ta yi ƙara sau biyu ta mutu, ashe batirinta ya daɗe da gajiya.

Da aka tada janareta, fitila ɗaya ce ja take ƙiftawa a jikin akwatin. Ban tsorata sosai ba. Na bi hanyar farfaɗo da shi, na samu manhajar ta koma, akwatin ya tashi fanko kamar ranar da aka sayo shi. Na ɗauko filash ina murmushi, na ɗora kwafin watan jiya. Ya ƙi karɓa, wai ba nasa ba ne. Na gwada na watan da ya gabace shi, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na farko.

Sai na buɗe fayil ɗin in ga abin da ke ciki. Abin da idona ya fara gani shi ne sunan waya-fai na ofishin Hajiya. Akwai wata ƙaramar rawuta a ofishinta, kamfani ɗaya ya ƙera su, adireshin shigarsu ɗaya, shafinsu kusan iri ɗaya. Shekara guda cur ita nake kwafa. Babban akwatin ban taɓa ajiye ko layi ɗaya nasa ba.

Na tashi na je na gaya wa Hajiya. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Gobe yaran mutane za su zo, wasu daga ƙauye," in ji ta. "Wa ya san yadda aka tsara shi?"

"Baba ne kaɗai, Hajiya."

"To, ki je da ƙafarki."

Na hau keke zuwa Sabon Gari ana yayyafi, ina ta shirya magana a raina, amma da na isa duk ta zube. Na same shi yana gyaran wata firinta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"An gaya mini abin da kika ce a kaina, 'yata."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya juya ya kunna wata tsohuwar kwamfuta, ya buɗe wani wuri da ya jera duk inda ya taɓa yin aiki. Sunan cibiyarmu na nan, da kwafin manhajar da na saitin, har da ɗan bayanin da ya rubuta.

"Tambayata ce ba ki yi ba," ya ce. "Tashi mu je."

Ya rufe shagonsa ya biyo ni. Kwafin ya karɓu nan take, sai dai tsoho ne, kwamfutocin da aka ƙara daga baya ba sa ciki. Muka yi ta shigar da su da hannu har la'asar, duk da haka layi ɗaya na kwamfutocin zauren ya ƙi aiki. Washegari waɗanda kujerunsu ke layin sai da suka jira zagaye na biyu. Cikinsu har da wata mai goyo da ta yini a baranda tana jijjiga ɗanta, ba ta san ni ce sanadi ba. Na kasa haɗa ido da ita.

Kafin Baba ya tafi ranar Alhamis ɗin, ya sa na ɗauki sabon kwafi, ya sa na mayar da shi cikin akwatin a gabansa, muka ga ya tashi lafiya.

Abin da na koya ke nan. Kwafin da ban gwada mayarwa ba, ban ɗauke shi a matsayin kwafi ba. Kuma duk inda na gaji aikin wani, kafin in buɗe baki in kushe shi, sai na fara zuwa na gaishe shi na tambaya.