Bututun da Dakta ya bari

Shekara bakwai ke nan da aka kai ɗana makwancinsa a nan Kuala Lumpur. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara a jarida ba. Dakta kowa ke ce masa. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, matarsa Rukayya na rubutawa.

Daga Kano ya ɗauko ni in riƙe musu yara, muka zauna a unguwar Danau Kota, can saman bene, inda ko kaza ba a kiwo. Aikinsa kuwa wani bututun ƙarfe ne a jami'a, dogo, ya cinye ɗaki tun daga wannan bango har wancan. A tsakiyarsa ake sa faranti siriri, a yi ta matsa iska a gefe guda har farantin ya fashe, iskar ta ruga da gudun da ko ƙara ba ta kamo ta. A can ƙarshe akwai ɗan ƙarfe mai siffar hancin jirgin sama, shi take duka, su kuma su auna. Yini guda ana shiri, abin ya ƙare kafin ƙiftawar ido.

Wata Asabar na ga yana sa takalmi. Na ce, "Kai ba jiya ka gani ba? Me za ka koma yi?"

Ya ce, "Inna, sai na sake, na kuma sake, in ji ko bututun magana ɗaya yake faɗa mini."

Da rana tsaka ya faɗi yana cin abinci, hannunsa a cikin kwano. A asibiti likita ya duba shi, ya girgiza kai. Na ce wa Rukayya ta gaya masa ya sake aunawa. Bawan Allah ya sake. Ban yi kuka ba. Matan da suka zo gaisuwa suka ce kara ce irin ta uwa ga ɗan fari. Na bar su a haka. Gaskiyar ita ce na nemi kukan ban same shi ba, har yau.

Bana jami'a ta ce za a gwada bututun. In har yanzu awonsa daidai yake, a bar shi. In ba haka ba, a yanka shi, a ba wasu ɗakin. Wadda aka ɗora wa gwajin ɗalibarsa ce, Nuraini, 'yar ƙasar, yanzu ita ma dakta. Ta ce mu zo rana ta ƙarshe.

Aka ba mu abin toshe kunne. Aka harba, ƙara guda, kamar an buga ƙyauren ƙarfe. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru.

Nuraini ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta zo ta durƙusa gabana, Rukayya na fassara. Ta ce makonni suna harbawa, kowane harbi da tasa maganar. Ƙarfen ya tsufa, iska na zurarewa ta mahaɗai. Akwai 'yan kaɗan da suka yi kyau, in su kaɗai ta kai wa manya, za a bar bututun.

Ta ce, "Nenek, duka zan kai. Ki yafe mini." Nenek shi ne kaka a bakinsu.

Na ce, "Tashi, 'yar nan, ƙasa da sanyi."

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Yaran yanzu a cikin kwamfuta suke busa iskarsu, ba ƙara, ba faranti. 'Ya'yansa in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Ina jin waɗannan za su dame shi. Na bututun kam, da shi zai riƙe wa masu yanka shi tsani.

Watan jiya mota ta kwashe bututun gunduwa-gunduwa. Sai ramukan ƙusoshi a daɓe, a jere. Abin da ya rage na Dakta a wurin nan mace ɗaya ce, ba danginmu ba, ba yarenmu ba, wadda ta ƙi yin ƙarya ko don shi. Na auna, na ga ba kaɗan ba ne. Sanin haka bai sauke mini komai ba, amma na sani.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Rukayya ta ɗaga biro tana jira in ƙara wani abu. Babu.