Tafasar da Na Zana Sau Biyu

Wata uku aka ba ni na gwaji a ɗakin karatun tsirrai na jami'a, ɗaki guda a saman bene, maƙil da littattafan itatuwa da zane-zanen ganye. Aikina in zana tsirranmu na gida. In zanen ya yi, in zauna. In bai yi ba, in koma Rafin Guza in ci gaba da zana wa amare lalle. Ni kuwa wallahi ina son wurin nan, har warin tsohuwar takarda daɗi yake mini.

Shugaban ɗakin, wani dattijo marar yawan magana, ya ce in fara da tafasa. Na yi dariya a raina. Tafasa? Ni da Innata ke sayar da kwaɗonta a ƙofar gida tun ban san kaina ba? Ko waje ban leƙa ba, na ɗibi damƙa guda a kwandon Inna na tafi da ita ofis. Kwana huɗu ina kanta, jijiya bayan jijiya.

Dattijon ya duba, ya yaba hannuna, sannan ya ce ɗalibi ba zai gane tafasa da wannan ba. Ba fure, ba 'ya'ya, ganye duk a langwaɓe. Ya ba ni mako guda. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na hau keke napep ina ƙunƙuni.

Na nuna wa Inna don ta taya ni jin haushi. Ina! Ta riƙe takardar nesa da ido, ta taɓe baki.

"Ai gawa kika zana, 'yar nan. Wadda aka tsinka ta riga ta rufe ido."

Ta ce tafasa da hantsi take buɗe ganye, kuma masu kawo mata kan tsinko saman ne kawai, su bar fure da 'ya'ya a jikin uwar. Shekara nawa ina cin abu ban taɓa ganin sa a tsaye ba. Kunya ta kama ni.

Washegari ta kai ni wani fegi kusa da rafi, ta shimfiɗa mini buhu. Ga tafasa nan jingim, ganye shida-shida a buɗe, fure rawaya, 'ya'ya sirara dogaye. Hantsi uku na yi a wurin, sauro na cin ƙafata.

Dattijon ya daɗe yana kallon sabon zanen. Abin da ya ce kawai, gobe in fara zana rama.

Yau shekaruna da yawa a ɗakin, zanen na nan rataye kusa da taga. Sau ɗaya Inna ta hau benen nan, tana haki tana yi wa matakala faɗa. Ta tsaya gaban zanen, na ga yatsunta biyu sun miƙa da kansu, sai ta janye hannu.

"Wannan kam," in ji ta, "ta isa tsinka."