Baba Mai Tsani da Ɗakin Ƙurya

Ni dai launi bai taɓa zama a kaina ba. Shuɗi da kore duk ɗaya nake ganinsu, na taɓa zuwa ofis da safa kowace ƙafa da nata launin. Ga shi yau ni ne zan yi wa mai fenti jinjina.

Baba Mai Tsani ake ce masa. Da sassafe zai fito, tsani a kafaɗa, bokiti a hannu, tari na biye da shi. Ranar farko ba ya buɗe gwangwani. Zama yake yi a ɗakin, ya ga inda rana ke faɗowa da hantsi, da inda take barin duhu da la'asar. Telan layinmu shaida ne, ya nemi ja a ɗakin kwana, Baba ya ce, "Kai da iyalinka faɗan da kuke yi bai ishe ku ba, sai bango ya taya ku?"

Ni abin da ya haɗa mu ba na dariya ba ne. Ɗanmu na fari, bayan an dawo da shi daga asibiti, ya shekara yana jinya a ɗakin ƙurya, a nan ya cika. Inda yake jingina kai ya bar tabon maiƙo a bango. Tun ranar uwarsa ba ta ƙara shiga ba, ko wucewa za ta yi sai ta kau da fuska.

Na kira Baba na ce ya shafe komai da fari.

"Maigida, farin asibitin da ta gani bai isa ba?"

Ya shafa launi uku a gefen taga, kowanne faɗin tafin hannu: ruwan toka, ruwan madara, da wani ruwan ƙasa mai haske. Ya bar ƙofa a buɗe, ya ce kada in ce mata komai. Kwanaki yana zuwa yana komawa da bokitinsa a rufe. Rannan ta tsaya daga bakin ƙofa, ta nuna na ukun da yatsa.

"Tabon fa, uwar ɗakina?" ya tambaye ta, kansa a ƙasa.

"Rufe shi, Baba."

Tabon ya bari ƙarshe. Da ya zo shafe shi, ya cire hula.

Baba, kai ne mai tambayar ɗaki kafin ka taɓa shi. Yanzu warin fenti ya cinye maka ƙirji, likita ya raba ka da tsani. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya. Masu buroshin yanzu, ku riƙa zama kaɗan kafin ku buɗe gwangwani.

Ɗakin ya yi kyau, kowa ya faɗa. Ni nake shiga in share shi. Ita har yau ba ta taka ciki ba.